DARASI: FADA GREGOR MENDEL DA KARATUN MAI SHIRIN KOYAR DA ILIMIN HALITTU

Kowace shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan sami wasu 'ya'yanmu da suka nemi karatun likita, amma aka ba su gurbi a tsangayar ilimi domin su karanta bayoloji, wato ilimin halittu masu rai, su zama malaman makaranta. Da yawa sukan karɓi wannan gurbi da sanyin jiki, iyaye kuma su ce musu su riƙe shi tukuna kafin Allah ya kawo wanda ya fi. Wanda ya shiga karatu da irin wannan zuciya yakan yi shi sama-sama, ya fito da takarda, sa'an nan ya shiga aji ya shekara talatin yana koya wa yara abin da shi kansa bai gane ba.

Darasinmu na wannan wata ya shafi wani firist na Ikklisiya Katolika wanda aka aika jami'a domin wannan karatu, ba domin kome ba sai ya cancanci koyarwa a makarantar sakandare. Sunansa Fada Gregor Mendel. Za mu duba abin da ya kai shi jami'a, da abin da ya koyo a can, da yadda amfanin karatunsa ya iso har cikin gidajenmu.

Ɗan manomi mai son karatu

An haifi Mendel a watan Yuli 1822 a ƙauyen Heinzendorf, cikin daular Ostiriya. Yau ƙauyen yana cikin Jamhuriyar Cek. Sunansa na baftisma Johann, wato Yohanna. Mahaifinsa ƙaramin manomi ne, mai gonar itatuwan marmari, kuma a nan ne yaron ya koyi yi wa itace aure, kamar yadda manomanmu suke yi wa mangwaro da lemo. Malamin ƙauyen da firist ɗinsu suka lura da ƙwazonsa, suka ba iyayensa shawara a tura shi gaba. A 1834 ya shiga makarantar sakandare a garin Troppau.

A 1838 gungumen itace ya faɗa wa mahaifinsa, ya kasa aikin gona kamar dā. Yaro mai shekara 16 ya koma koya wa wasu yara karatu domin ya sami abin ci da kuɗin makaranta. Yunwa da damuwa suka kwantar da shi ba sau ɗaya ba. Da ya wuce babbar makaranta a Olomouc a 1840, sai da ƙanwarsa Theresia ta ba shi wani kashi na kuɗin da aka ajiye mata domin aurenta kafin ya iya kammalawa. Bai manta da wannan alheri ba: daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A 1843 malaminsa na fiziks, Friedrich Franz, ya gabatar da shi ga gidan zuhudu na Waliyyi Toma a birnin Brno, na ƙungiyar Waliyyi Agustin. A nan aka ba shi sunan Gregor. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa ƙuncin rayuwa yana cikin abubuwan da suka bi da shi wannan hanya. Shugaban gidan, Fada Cyril Napp, mutum ne mai daraja ilimi. Gidan yana da babban ɗakin littattafai da lambun tsirrai, kuma 'yan zuhudu da dama suna koyarwa a makarantun yankin. An naɗa Mendel firist a ranar 6 ga Agusta 1847.

Malami marar takarda

Da fari an ba shi aikin kiwon jama'a, har da ziyarar marasa lafiya a asibiti. Ganin wahalar majinyata da masu baƙin mutuwa ya girgiza shi ƙwarai, har shi ma ya kwanta ciwo. Fada Napp bai yanke masa hukuncin cewa ba shi da amfani ba. Ya duba baiwar da Allah ya yi masa, ya tura shi garin Znaim a 1849 ya zama malamin wucin gadi, yana koyar da lissafi da Helenanci. Ɗalibai da malamai suka so shi, har hukumar makarantar ta ƙarfafa shi ya zauna jarrabawar gwamnati domin ya zama cikakken malami na kimiyya.

Ya zauna jarrabawar a 1850, ya faɗi. Inda ya fi kasawa shi ne ilimin halittu: an tambaye shi ya rarraba dabbobi masu shayarwa gida-gida, amsarsa ba ta gamsar da mai jarrabawar ba. Dalilin a bayyane yake. Bai sami horon jami'a a wannan fanni ba, abin da ya sani ya tsinto shi ne daga littattafai shi kaɗai. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar, Farfesa Andreas Baumgartner, ya gane cewa mutumin yana da basira, horo ne ya rasa. Ya ba da shawara a aika shi jami'a, Fada Napp kuwa ya amince, gidan zuhudu ya biya kuɗin.

A lura da wannan: yara suna sonsa, yana da haƙuri da kirki, amma duk wannan bai isa ba. Son yara ba ya maye gurbin sanin abin da za a koya musu.

Abin da ya koyo a jami'a

Mendel ya yi karatu a Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, yana da shekara 29 sa'ad da ya shiga. Bai tsaya a kan tsirrai da dabbobi kaɗai ba. Ya karanta fiziks a hannun Christian Doppler, masanin da ya bayyana dalilin da ke sa sautin abu mai tafiya yakan canja sa'ad da yake matsowa da sa'ad da yake nisa. Daga gare shi ya koyi yadda ake shirya gwaji: a ware tambaya guda, a tsare sauran abubuwa kada su canja, a auna, a maimaita. Daga Andreas Ettingshausen ya koyi lissafin da ke nuna hanyoyi nawa abubuwa za su iya haɗuwa da juna. Ya karanta kemistiri. Daga Franz Unger kuma ya koyi yadda jikin tsiro yake aiki, da sabon ilimin wancan zamani, cewa kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ba a gani sai da madubin kimiyya.

A lokacin masana tsirrai sun fi ba da ƙarfi ga tattara ganyaye da furanni, su busar, su raɗa musu suna. Ba su saba da ƙidaya ba. Mendel ya fito jami'a da abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa ga mutum ɗaya ba, wato idon mai lambu da kan mai lissafi. Da a ce ya guje wa lissafi da fiziks domin ba su ne fanninsa ba, da ba mu ji sunansa ba.

Aji da lambu

A 1854 ya fara koyar da fiziks da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Brno. A 1856 ya sake komawa jarrabawar malamai, rashin lafiya da firgita suka kama shi, ya dawo ba tare da takarda ba. Haka ya ci gaba da koyarwa shekara 14 a matsayin malamin wucin gadi. Tsofaffin ɗalibansa sun tuna da shi a matsayin malami mai bayani dalla-dalla, mai adalci, wanda yakan kai su lambu su ga abin da ya faɗa da idonsu.

A shekarar da ya faɗi jarrabawa karo na biyu ya duƙufa kan gwajin da ya sa sunansa ya wanzu. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowa ya san ɗa yakan gaji iyayensa, amma ta wace hanya? Me ya sa wani yaro yakan tsallake uwa da uba ya ɗauko kamannin kakansa? Yawancin mutane a lokacin suna tsammani halin uwa da na uba sukan gauraye ne kamar nono da ruwa, ba a sake raba su.

Mendel ya zaɓi koren waken nan na Turawa da ake sakawa cikin shinkafa. Ya samo iri 34, ya shekara biyu yana shuka su domin ya tabbata kowane iri yana haifar da irinsa ba canji, sa'an nan ya riƙe 22. Ya ware halaye bakwai masu saukin gani, kamar tsawon kara, da launin ƙwaya, da ko ƙwayar sumul take ko ta yamutse. Wannan wake yakan yi wa kansa barbara cikin furensa. Saboda haka sai ya buɗe fure tun bai nuna ba, ya cire sashen da ke ɗauke da garin fure, ya ɗebo gari daga wani iri dabam ya shafa, ya rufe furen domin kada ƙwari su kawo wani. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka tsirrai wajen 28,000 a lambun gidan zuhudu, yana ƙirga sakamakon da hannunsa.

Ga abin da ya gani. Da ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, kamar gajarta ta ɓace. Da ya bar waɗannan 'ya'ya suka haifi nasu, sai gajarta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277. A ƙwaya mai sumul da mai yamutsewa ya sami 5,474 da 1,850. A rawaya da kore ya sami 6,022 da 2,001. Ko'ina lissafin ya kusa zama uku bisa ɗaya.

Bayaninsa shi ne, kowane tsiro yana ɗauke da ƙwayar gado biyu domin kowane hali, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, wata mai ɓuya. Idan suka haɗu, mai rinjaye ce ake gani, amma mai ɓuyar tana nan lafiya lau, ba ta narke ba. Sa'ad da tsiron zai haihu, ɗaya tak daga cikin biyun yake miƙa wa kowane ɗa. Ɗan da ya sami mai ɓuya daga ɓangarorin biyu, a jikinsa ne halin yake bayyana.

Ya karanta sakamakon aikinsa a gaban ƙungiyar masana halittu ta Brno a ranakun 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris 1865, aka buga shi a 1866. Masana ba su kula ba. A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan zuhudu, ya bar aji, hidimar mulki ta cinye lokacinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu 1884, ranar Idin Bayyanuwar Ubangiji. Sai a 1900 masana uku, Hugo de Vries a Holan, Carl Correns a Jamus da Erich Tschermak a Ostiriya, suka fito da aikinsa fili. Yau babu makarantar sakandare da ake koyar da bayoloji ba a ambaci dokokin Mendel ba.

Daga waken Mendel zuwa gidajenmu

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwanmu da waken Turawa? Amsar tana cikin ciwon da muke kira amosanin jini ko sikila, wanda yakan lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su zama kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya yi ta kuka da ciwon ƙashi. A 1949 masana suka tabbatar cewa wannan ciwo yana bin dokar da Mendel ya gano. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadonsa, kuma babu ƙasar da ta kai tamu yawan jariran da ake haifa da shi. A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna dalilin yawansa a Afirka: mai ɗauke da ƙwaya ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Ana kiran lafiyayyar ƙwayar A, ta ciwon kuma S. Mai AS lafiyarsa ƙalau, domin S tana ɓoye kamar yadda gajarta ta ɓuya cikin dogon wake. Idan mai AS ya auri mai AS, hanya huɗu ce a gaban kowane ciki. Uba ya ba da A uwa ta ba da A, yaro ya zama AA. Uba ya ba da A uwa ta ba da S, ya zama AS. Uba ya ba da S uwa ta ba da A, shi ma AS. Uba ya ba da S uwa ta ba da S, ya zama SS, shi ne mai ciwon. Uku lafiyayyu, ɗaya mai ciwo: lissafin Mendel ke nan daidai.

A nan ne ake gane bambancin malamin da ya haddace da malamin da ya fahimta. Wanda ya haddace zai gaya wa ɗalibai cewa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne zai yi ciwo, su kuwa su ɗauka idan an haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira. Wannan kuskure ne mai haɗari. Mendel ya ga uku bisa ɗaya ne bayan ya ƙirga dubbai. A cikin kwanson wake guda lissafin ba ya fita haka. Kowane ciki sabon ƙuri'a ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Ma'aurata masu AS za su iya haifar 'ya'ya biyar ba mai ciwo, wasu kuma su haifi uku a jere duk masu ciwo.

Malamin da ya fahimci wannan zai kawar da zalunci mai yawa. Sau nawa dangin miji suka ɗora wa mace laifin 'ya'ya marasa lafiya, har aka kore ta, alhali yaro ba ya zama SS sai uba ma ya ba da tasa ƙwayar? Sau nawa aka zargi tsohuwa da maita, ko aka kira yaro ɗan wabi, a gidan da gwajin jini kaɗai zai bayyana gaskiya? Ikklisiyoyi da yawa a ƙasarmu suna buƙatar masu shirin aure su yi wannan gwaji, amma lokacin da aka riga aka kai kaya, zukata sun ɗaure, jin sakamakon yana da zafi. Wurin da ya fi dacewa saurayi da budurwa su fara sanin wannan shi ne ajin bayoloji, tun suna sakandare. Haka kuma malami ne zai koya wa sauran yara cewa mai sikila ba abin ƙyama ba ne, ba a ɗaukar ciwon ta wurin cuɗanya, kuma da kulawar asibiti, da kariya daga sauro, da yawan shan ruwa, da yawansu suna girma su yi karatu su yi aiki.

Ga mai shirin wannan karatu

A jami'o'inmu digirin koyar da bayoloji shekara huɗu ne ga wanda ya shiga daga sakandare. Mai takardar NCE yakan fara daga aji biyu. Ɗalibi zai karanta tsirrai, da dabbobi, da ƙananan ƙwayoyin cuta, da ilimin gado, da dangantakar masu rai da muhallinsu. Zai kuma karanta halayyar yara, da dabarun koyarwa, da yadda ake shirya jarrabawa, sa'an nan a tura shi wata makaranta ya yi gwajin koyarwa. Bayan ya gama akwai rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993. Daga tarihin Fada Mendel, ga abubuwa huɗu da ya kamata ya riƙe.

Na fari, kada ka guji lissafi da kemistiri. Da yawa sukan zaɓi bayoloji domin suna tsammani babu ƙidaya a ciki. Ba za ka iya bayyana yadda ganye yake haɗa abinci da hasken rana ba sai da kemistiri, ba kuwa za ka iya bayyana gado ba sai da lissafi.

Na biyu, ka saba da taɓa abin da kake karantawa. Mai yiwuwa ne a tura ka makarantar da ba ta da ɗakin gwaji. Fada Mendel a ɗan lambu ya yi aikinsa. Wake da aka jiƙa cikin gwangwani zai nuna wa yara saiwa da toho. Ruwan da ya kwana cikin tsohuwar taya zai nuna musu 'ya'yan sauro, su gane dalilin zubar da shi. Goyon masara mai ƙwaya fara da rawaya a haɗe darasi ne na gado wanda za su ƙirga da yatsunsu.

Na uku, kada ka ɗauki faɗuwar Mendel hujjar sakaci. Rashin takarda ya tsare shi a matsayin wucin gadi har ya bar aji. Ka yi ƙoƙari ka sami takardarka ta hanyar gaskiya, ba satar amsa, ba cin hanci. In kuwa ka faɗi, ka yi kamar yadda ya yi: ka nemi inda gibin yake, ka koma ka cike shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, kada ka ji tsoro cewa wannan ilimi zai raba ka da bangaskiyarka. A jami'a za ka karanta yadda jinsunan halittu suka yi ta sauyawa cikin miliyoyin shekaru. Fada Mendel ya karanta littafin Charles Darwin a kan wannan batu, ya kuma ci gaba da miƙa Hadayar Misa har ƙarshen ransa. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya bayyana cewa Ikklisiya ba ta hana bincike kan asalin jikin mutum ba, muddin an riƙe cewa Allah ne da kansa yake halittar ruhun kowane mutum. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya sake ƙarfafa wannan a 1996. Kimiyya tana binciken yadda halitta take tafiya, bangaskiya kuwa tana nuna mana Wanda ya yi ta da dalilin zamanmu a cikinta.

Ga iyaye da jama'ar Ikklisiya

Mendel bai kai inda ya kai shi kaɗai ba. Akwai firist da malamin ƙauye da suka lura da shi, da ƙanwa da ta sadaukar da kuɗin aurenta, da mai jarrabawa da ya hango basira a bayan faɗuwa, da shugaba da ya biya kuɗin jami'a. Kowane ɗayanmu yana iya zama ɗaya daga cikin waɗannan. Iyaye su daina magana a kan aikin malanta kamar mafakar wanda ya rasa. Zumuntar mata da ta maza da ta matasa su duba ko za su iya ɗaukar nauyin ɗalibi ko ɗaliba ɗaya mai karatun koyar da kimiyya, musamman wanda zai yarda ya dawo ya koyar a ƙauye. Likitan da muke fata ɗanmu ya zama, da nas, da malamin gona, dukansu sai sun bi ta ajin malamin bayoloji.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Fada Mendel ya faɗi jarrabawar 1850, kuma wane mataki shugabansa ya ɗauka?
2. Idan mai AA ya auri mai AS, waɗanne irin 'ya'ya za su iya haifa? Ku jera hanyoyin huɗu kamar yadda aka yi a sama.
3. Ma'aurata masu AS sun haifi ɗan fari mai SS. Wani ya ce musu na biyu ba zai yi ciwo ba. Me za ku amsa?
4. Matasa nawa ne a Ikklisiyarku suka san rukunin jininsu, kuma me za a yi domin sauran su sani tun da wuri?
5. Wane taimako ƙungiyarku za ta iya yi wa mai karatun malanta a wannan shekara?

Allah ya albarkaci malamanmu da masu shirin zama malamai, ya ba su haƙuri da son gaskiya. Amin.